Gindin Randar Indo

A Kudan, a zamanin da Turawa ke mulki, in aka ambaci Indo matar Maiwada, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne faɗa. Kuma ba sharri suke mata ba, Indo akwai faɗa. Sai dai in ka tsare mutum ka ce ya gaya maka a kan me take faɗan, sai ka ga ya fara sosa ƙeya. Ba ta taɓa cacar baki da kowa a kan miji ba, ba ta yi a kan zane ba, gulma kuwa ba ta da lokacinta. Faɗan Indo tun tana amarya har ta yi furfura a kan abu guda ne: kada wanda ya kuskura ya sa mata hannu a gindin randa.

'Yar Ikara ce, uwarta maginiyar tukwane, saboda haka da laka a hannu ta tashi. Da aka kawo ta gidan Maiwada ta tarar da randar gidan dashe a ƙasa cikin madafa, gindinta ya zama taɓo, kwaɗi sun mai da wurin masauki, ga fasassun ƙoƙuna da tsummoki an cusa ta baya. Kafin lallen hannunta ya goge ta kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ta gina dakali mai tsayin gwiwa, ta yi masa kwarmi a sama, ta zuba yashi, ta ɗora randar. A ƙarƙashi kuma ta fafe kogo uku, ta shafe cikinsu sumul da makuba.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san babu wuri mai sanyi kamar gindin randa. To, Indo ta raba sanyin nan kamar yadda ake raba gado. Kogon dama na goro ne a naɗe cikin ganye, da man shanu a ƙwarya rufe da faifai. Na tsakiya tsamiya da daddawa. Na hagu kuwa gwangwanin kanwa ne ke gaba, wani tsohon gwangwanin shayi mai murfi da Maiwada ya samo mata a kantin Zariya, kayan yaji na bayansa a ƙulle-ƙulle. Gishiri da barkono ba sa son danshi, su tasu rumfar tana can kusa da murhu. Haka ta yi a makewayi. Ta ɗaga dutsen wanka a kan duwatsu biyu don ruwa ya wuce, ta yi wani kogo a gefe na sabulun salo da soso da dutsen goge kaushi. Dokarta ɗaya ce, kuma ba ta gajiya da maimaita ta: abin da zai shiga ciki yana madafa, abin da zai taɓa fata yana makewayi. Sabulu bai taɓa kwana a madafar Indo ba.

Yaran gidan da na maƙwabta sun san wannan doka tun kafin su san Fatiha. Wanda ya miƙa hannu zai saci ɓarin goro, kafin ya kai baki muciya ta sauka a gadon bayansa. Maiwada kansa, Allah ya jiƙansa, in yana son goro tsayawa yake daga bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

Ta haifi da yawa, biyu suka tsaya: ɗan farinta Sama'ila, da autarta Zulai. Zulai kam ta sha gata da faɗa duka biyu, a cinyar uwa ta girma. Sama'ila kuwa ɗan fari ne, kuma Indo ta riƙe kunyarsa yadda iyayenta suka riƙe. Ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta hira da shi, sunansa kuwa bai taɓa fitowa daga bakinta ba. In za ta kira shi sai ta ce "wannan", in tana magana da Zulai ta ce "yayanki". Ko wani Sama'ilan daban ne ya shigo sayen daddawa, sai ta ce masa "mai sunan wannan". Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Mutanen wurin sun san girma ne, irin wanda uwa ke ba ɗa guda tak a duniya, shi ma Sama'ila ya sani, yana kuma tinƙaho da shi a cikin abokansa. Abin da kawai kunyar ke ci shi ne magana. In ya yi mata laifi ba ta iya dubansa ta faɗa masa, sai ta juya ta zazzage wa randa, shi kuma yana daga tsakar gida yana jin saƙonsa.

Maiwada ya rasu, ƙaninsa Lado ya zama babba a gidan. Sama'ila ya auro Adama, yarinya mai haƙuri. Zulai ta yi aure a Paki. Madafa dai tana hannun Indo, ba wanda ya ma yi tunanin karɓa.

A cikin waɗannan shekaru ne idonta ya fara tafiya. Da farko kamar hayaƙin ɗanyen itace ne ya ƙi fita daga ɗaki. Sannu a hankali fuskoki suka zama inuwa, har ta kai ba ta rarrabe fari da ja. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma tana da dalili. Ta ga yadda ake yi wa tsohuwar da ido ya gaza a garin. A shimfiɗa mata tabarma a gindin bango, a jingine ta kamar buhun gero, a riƙa miƙo mata tuwon da ba ita ta tuƙa ba, kowa ya wuce ya ce sannu. Indo ta gwammace mutuwa da wannan sannun. Kuma wa za ta gaya wa? Ɗan da ba ta iya kiran sunansa?

Abin da ya rufa mata asiri shi ne gindin randa. Hannunta ya san kowane kogo fiye da yadda idon wani ya san fuskar matarsa. Ta miƙa hagu, kanwa. Ta miƙa dama, man shanu. Miyarta ba ta canza ba, tuwonta bai yi gudaji ba. Faɗanta ne dai ya ƙaru, don yanzu in aka gusa mata ƙoƙo ko da taƙi ɗaya ne, idonta aka gusa. Mutane suka ce tsufa ne ya ƙara mata masifa. Adama kaɗai ta lura, don takan ga surukarta tana shafa bango in za ta fita. Ba ta ce komai ba, sai dai kullum ta tabbata turmi da kujera suna nan inda suka kwana.

Da cikin Zulai na fari ya tsufa aka kawo ta gida goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ranar Indo har rawa ta kusa yi. Ta tara itacen wankan jego, ta sa aka saro mata ganyen runhu, ta daka kanwa lukui ta cika gwangwani, don kunun kanwa shi ne abincin mai jego, shi ke kawo nono ya mai da ƙarfi. A ranta ta ce ko idon zai rufe gaba ɗaya, sai ta yi wa autarta jegon nan da hannunta, ba wata ba.

A daminar nan ne kuma Turawa suka matsa wa manoma da zancen auduga. Wani malamin gona ya zo daga Makarfi a kan keke, ya tara maza a ƙofar gidan dagaci, ya buɗe buhun wata farar hoda ta kashe ƙwarin auduga. Kowa ya zo da abin da za a zuba masa. Sama'ila ya zo da gwangwanin shayi, irin na uwarsa sak, don a lokacin rabin gidajen Kudan irin gwangwanin ke gare su. Malamin ya ja musu kunne sosai. Ya ce guba ce. Ya ce a ajiye ta a wuri mai sanyi, inda rana ba ta kaiwa, inda kuma yara ba sa kai hannu.

To, ku faɗa mini. A duk gidan Maiwada, ina ne wuri mai sanyi, wanda rana ba ta kaiwa, wanda ko yaron da ya fi kowa taurin kai ba ya kusanta? Sama'ila bai ma yi dogon tunani ba. Ya yagi jan ƙyalle ya ɗaure a wuyan gwangwanin don kowa ya gane. Ya faki idon uwarsa lokacin da take makewayi tana yi wa Zulai wanka, don kwana biyu ke nan da haihuwa, ya durƙusa, ya tura gwangwanin kanwa baya, ya dasa nasa a gaba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa yana jin ya yi dabara. Namiji mai gemu, wanda ya tashi yana ganin ubansa na gyaran murya a bakin ƙofar nan! Bai gaya mata ba. Ai ba sa hira.

Washegari da safe gidan ya cika da mata 'yan barka. An yi ruwa, itace ya jiƙe, madafa ta turnuƙe da hayaƙi, ga Indo na fama da mura. Ta miƙa hannun hagu kamar kullum, ta ɗauko gwangwanin da ke gaba. Yatsunta sun ji ƙyallen, ta yi tsaki, ta ɗauka wani yaro ne ya yi wasa, ta ce bari ta gama ta nemo shi. Ta ɗebi hodar ta zuba a ruwa, ta dama garin gero da citta da kanumfari da masoro, ta sheƙa tafasasshen ruwa. Jaririya na ta tsala kuka daga ɗaki, Zulai na kiran yunwa. Adama ta ɗebi ƙoƙo guda ta fita da shi.

Sai Indo ta kai ludayi bakinta, kamar yadda kowace mai girki ke yi.

Babu santsin kanwa. Wani ɗaci ne mai warin kananzir da ruɓaɓɓen buhu ya kama mata harshe. Ta tofar. Ta zura hannu cikin kogon hagu, can baya ta taɓo gwangwaninta na gaskiya.

"Zulai! Kada ki sha!"

Ta fito a guje, matar da ta yi shekaru ba ta taka tsakar gidan nan ba sai a hankali tana lissafin bango. Baƙi sun jawo turmi tsakiyar gida suna daka. Ta yi karo da shi, ta kife, goshinta ya fashe. Ta miƙe ta nufi ɗakin Lado a maimakon na Zulai, tana laluben iska da hannu biyu, mata sun yi cirko-cirko suna kallo. Kukan jaririyar ne ya juyo da ita. Ta faɗa ɗakin, ta kai duka inda ta ji numfashin 'yarta, ƙoƙon ya tashi daga hannun Zulai ya tarwatse a bakin ƙofa. Zulai tana cikin hura kunun ne, don ya yi zafi, ko kurɓa ba ta yi ba.

Kaji suka taru a kan kunun da ya zube. Kafin azahar huɗu sun miƙe ƙafa.

Da la'asar Lado ya tara gidan. Ya zauna a kan buzu, gwangwanayen nan biyu a gabansa. Sama'ila na tsugune gefe, hankalinsa a tashe, don shi ma Zulai ƙanwarsa ce. Indo na zaune da tsumma ɗaure a goshi, ta juya fuska ga bango, tana jira a tambayi wanda ya sa guba a cikin kayan miya.

Lado ya ce, "Kai Sama'ila, me ya kai ka?"

"Baffa, malamin gona ne ya ce wuri mai sanyi, inda yara ba sa taɓawa. Kuma wallahi na ɗaura masa jan ƙyalle. Ga shi nan. Duk mai ido zai gani."

Duk mai ido. Matan da suka ga yadda Indo ta yi karo da turmi suka fara kallon juna. Adama ta sunkuyar da kai tana hawaye.

Lado ya ɗaga gwangwanin sama. "Yaya Indo, juyo. Wane launi ne ƙyallen nan?"

"Yanzu ka ji an ce ja ne."

Ya ajiye, ya kwance ƙyallen, ya ɗaga gwangwanayen biyu. "To wanne ne a hannuna na dama?"

Indo ta waiwayo. Ta buɗe idanun nan nata da suka yi fari-fari tana kallon inda muryarsa ke fitowa.

Daga nan shari'ar ta juya, kuma wannan shi ne abin da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Ba wanda ya sake tambayar me guba ke yi a madafa. Ba wanda ya ce a gidan nan ko sabulu ba ya kwana kusa da abinci. Ba wanda ya tuna cewa harshen tsohuwar nan da goshinta ne suka tsaya tsakanin Zulai da kabari. Zance ya koma makauniya ta ɓoye makantarta, ta kusa kashe mai jego. Lado ya yi ta jan carbi yana cewa Allah ya kiyaye, Allah ya tsare gaba. Sannan ya yanke hukunci cikin murya mai taushi, irin wadda ake yanka mutum da ita. Daga yau Adama ce da madafa. Kunun jego da ruwan wanka Adama za ta yi. Yaya Indo ta huta, ta yi wa gidan nan wahala, lokacin hutunta ya yi.

"Lado," in ji Indo, "shekara nawa kana cin tuwona? Ka taɓa tsintar tsakuwa?"

"Ba a ce kin yi da gangan ba, Yaya."

"Ni ban gusa komai ba. Kayana suna inda na ajiye su tun kana yawo ba wando. Wani ne ya shigo ya gusa."

"Ai ya ɗaura alama."

Sama'ila ya matso yana durƙuso. Da ya yi shiru da ya fi masa. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Da kin gaya mana ba kya gani, da duk haka ba ta faru ba."

Indo ta juyo gaba ɗaya. Tun da ta haife shi ba ta taɓa fuskantarsa haka a gaban mutane ba. Babu randar da za ta zazzage wa, an riga an ƙwace.

"Sama'ila," ta ce.

Wata tsohuwa ta saki salati. Zulai daga cikin ɗaki ta ce, "Inna!"

"Sama'ila, ni zan gaya maka? Kai ka gaya mini da ka sa hannu a kogona? Ka kawo mutuwa ka ajiye a gaban kanwata, ka tura tawa baya, ka kakkaɓe gwiwa ka fita. Ubanka bai taɓa ba. Sai kai, Sama'ila."

Sau uku ta faɗa. Kuma ku ji halin mutane: kafin magariba labarin da ya zaga Kudan ba na hodar ba ne. Cewa ake Indo ta kama sunan ɗan farinta a bainar jama'a, lallai tsufa ya taɓa mata hankali, gara da aka karɓe madafar.

Adama ta yi jegon, kuma ta yi shi da kyau, ba za a ci amanarta ba. Indo na zaune a tabarma gindin bango tana jin ƙamshin kunun da ba ita ta dama ba yana wuce ta zuwa ɗakin 'yarta. Ranar suna an sa wa jaririyar A'isha, sunan Indo na yanka, wai don a faranta mata. Ta karɓi yarinyar ta shafa fuskarta da yatsu, ta sa mata albarka, ta miƙa. Hodar kuwa Sama'ila ya rataye ta can a rufin zaure, inda ya kamata ya sa ta tun farko.

Indo ta ƙara shekaru masu dama bayan haka, har ta ji ana shelar Turawa za su tafi, ta ce su gaida gida. Ba ta sake riƙe muciya ba. Abu ɗaya ne ba wanda ya iya hana ta, har Lado. Kullum da safe kafin a hura wuta sai ta dogara sanda ta shiga madafa, ta durƙusa a gindin randa, ta zura hannu kogo bayan kogo, ta buɗe kowane gwangwani ta sunsuna, ta mai da shi mazauninsa. Adama takan tsaya da itace a hannu tana jira har ta gama.

Sama'ila ya yi duk abin da ɗa ke yi. Ya ɗinka mata zannuwa, ya kai ta Zariya wajen masu duba ido aka ce an makara, goro bai taɓa yanke mata ba. Ya aiko Zulai ta roƙa, ya aiko liman ya roƙa. Ta ce ta yafe masa duniya da lahira, kuma da gaske take. Abin da yake nema dai bai samu ba. So yake ta koma ce masa "wannan", ta juya masa ƙeya in ya shigo, ta yi faɗansa da randa. Indo kuwa ta daina jin kunyarsa, kuma ba abin da za a yi kunyar ta dawo.

Kowace safiya yakan zo ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarmarta, mutum da 'ya'yansa har da furfura a gemu.

"Inna, ina kwana?"

Sai ta ɗago fararen idanun nan ta dube shi tsaf, kamar yadda za ta dubi ɗan kowa.

"Lafiya lau, Sama'ila."

Sai ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita.